Kwalabe Shida da Zaren Hannun Inna

Mun tashi da asuba ranar Juma'a, ni da kwalabe shida. In kuna jiran in lissafo muku abokan tafiya, to na gama ke nan. Na naɗe kowace kwalba da tsohuwar riga, na jera su a tsaye cikin jakar goyo, na ɗora ƙullin tsiron dawa a sama, na kulle ɗakina da ke Stains, wata unguwa a bayan garin Paris, na sauko bene ina takawa kamar mai ɗauke da ƙwai. A bakin ƙofa na yi kiciɓis da maƙwabcina, wani Alhaji ɗan Damagaram, yana dawowa daga masallaci. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, ya tambayi aiki, sannan ya dubi jakar.

"Maƙwabci, voyage ne, tafiya za a yi?"

Na ce Lyon za ni, gaida Inna.

"Madalla, zumunci a ƙafa yake. Tsaraba ce ta yi nauyi haka?"

Na ce tsaraba ce. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya duka ba. Bawan Allahn nan shi ke kawo mini mazarƙwaila duk sanda ya je gida, kuma har yau zato yake shayi nake sha da ita.

Abin da ke cikin kwalaben giya ce, kuma ni na dafa ta. Na san wasunku za su tsaya da karatu a nan, ba komai, Allah ya bar zumunci. Mu Hausawa ne da ake ce wa Maguzawa, daga wani ƙauye a kudancin Katsina, kakana ne ya fara shiga Katolika. Mahaifiyata burkutu take dafawa, da sana'ar nan ta yi mini makaranta har na zo Paris ina aiki a ɗakin gwajin abinci. Shekara biyu ke nan da 'yan watanni da ta rasu. Lokacin takardar zamana tana hannun hukuma ana sabunta ta, kowa ya ce mini in na fita ba lalle in dawo ba. Ban je biso ba. Ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Inna, ta kira ni a waya bayan an dawo daga makabarta, ta ce, "Takarda ta fi uwarka ke nan." Tun daga ranar ba ta sake yi mini magana ba.

A gidanmu idan mace ta rasu, 'yar'uwarta tana ɗaura baƙin zare a wuyan hannu. Ba a cire shi sai an shekara, ɗan marigayiyar ya ba da dawa an dafa giya, a zuba ƙwaryar farko a ƙasa a kira sunanta, sannan ɗan ya yanke zaren da hannunsa. Fada, limamin cocinmu, ya yi wa'azi a kan wannan har ya gaji ya bari. To kafin shekarar ta cika ciwon zuciya ya kama Inna, 'yarta da ke aikin nas a Lyon ta ɗauko ta, zaren ya biyo ta Faransa. Makon jiya 'yar ta kira ni. Ta ce za a kwantar da Inna ranar Litinin, a yi mata tiyata Talata, kuma ba a shiga ɗakin tiyata da komai a hannu. Inna ta ce sai dai su yanke hannun, amma ba zaren ba. "Yaya, in ba ka zo ba, ba za ta yarda ba, kuma likita ya ce ba a ƙara jira." Dalilin tafiyar ke nan.

Jirgin ƙasan unguwa na farko cike yake da namu: masu shara, masu gadi, mata masu goge ofisoshi, kowa ya jingina kai da gilashi yana ƙarasa barcinsa. Ba mai yi wa wani magana. Na rungume jakar a ƙirji har babbar tasha. A can na sayi kofi ɗan mitsitsi a kan Yuro uku, na shanye shi a kurɓa biyu ina jin haushin kaina. Jirgin Lyon kuwa, sai dai a ce masha Allah. Awa biyu ne cak, tafiyar da in a mota ce sai ka yini. Farkon Maris ne, gonaki sun yi kore shar, fararen shanu ƙosassu suna tsaye ba makiyayi, ƙauyuka suna wucewa kowanne da hasumiyar cocinsa, amma ko mutum ɗaya ban hango a waje ba. Wanda ke kusa da ni ya toshe kunnuwansa tun kafin mu tashi. Na sa jakar tsakanin ƙafafuna, duk sanda jirgin ya karkata sai in ji kwalabe sun yi ƙas, in kai hannu in dafe jakar.

Bari in gaya muku yadda aka yi kwalaben nan, don hanyar ta ba ni lokacin tunawa. Da farko burkutu na so in dafa, irin na gida. Sau biyu ina gwadawa a bokitin roba, sau biyu yana yin fumfuna ina zubarwa. Ba tukunyar ƙasa, ba icen wuta, ba ragowar gindin tsohuwar giya da ake tayar da sabuwa da shi. Kuma ko da ya yi, giyarmu kwana uku ce, daga nan ta zama ruwan tsami, ga Inna ba ta ɗaukar wayata balle mu sa rana. Ana nan sai wani abokin aikina ɗan Beljiyam ya ɗanɗana mini wata baƙar giya mai ƙarfi, irin wadda sufaye ke dafawa a ƙasarsu. Na ji dabino a ciki, na ji ɗinya, na ji ƙanzon tuwo. Ya ce tana iya shekara biyar a kwalba, ƙara daɗi ma take yi. Nan take na ce a raina, ga giyar da za ta iya jiran fushin Inna ya huce.

Sai na duƙufa. Tsiron sha'ir a kanti ake saye, amma na rantse sai dawa ta shiga, tunda dawa ce wajibina. Na sayo jar dawa a shagunan 'yan Afirka, na jiƙa ta a bahon wanka, na lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul har ta tsira, na busar a kan hita don rana ba ta san ɗakina ba. Kashi ɗaya cikin huɗu dawa, sauran sha'ir. Su 'yan Beljiyam ƙonannen sukari suke sawa don ƙarfi da baƙi, ni kuwa na narka mazarƙwailar Alhaji na dafa ta har ta yi baƙi ƙirin. Akwai wani fure mai ɗaci da suke jefawa, kaɗan nake sawa. Ta farko ta fito da zaƙi kamar maɗi, yis ɗin da ke tayar da giya ya gaji a hanya. Ta biyu na bar ta a wuri mai zafi, ta yi warin man goge farce, kofi ɗaya ya sa mini ciwon kai na yini guda. Ta uku na yi garajen ɗurawa a kwalba, wata Lahadi da safe na ji tau a cikin kabad, rigar cocina guda ɗaya ta tafi ke nan. Ta huɗu ba laifi, amma ba ta da gindi. Ta biyar ce a jakata, watanta bakwai a kwalba. Duk biyar ɗin a tsaye na ɗanɗana su a kicin, ni kaɗai, ina rubutawa a littafi. Ba wanda ya taɓa ce mini ta yi ko ba ta yi ba.

Daga tashar Lyon na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauya zuwa taragon kan titi har Vénissieux. Na yi zaton zan ga sabon wuri, sai na tarar da Stains ta riga ni zuwa: dogayen benaye iri ɗaya, shagon nama na Larabawa, tsofaffi a kan benci sun dunƙule cikin manyan riguna. Su Inna suna hawa na tara. 'Yar Inna ta buɗe mini, idanunta sun kumbura. Inna tana zaune a kujera kusa da taga, ta rame har na kusa ban gane ta ba. Zaren yana nan a hannun hagu, ya koɗe ya koma ruwan toka. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi jiki, na yi mata gaisuwar rashin da ban taɓa yi mata ido da ido ba. Ta amsa, amma bango take kallo. Na fito da kwalaben na jera a gabanta.

"Tambaye shi mene ne wannan," ta ce wa 'yarta.

"Giyar Mama ce, Inna. Da dawata a ciki."

"Tambaye shi yaushe aka dafa."

"Wata bakwai ke nan."

Ta yi wata dariya da ba daɗi a cikinta. Ta miƙa hannu ta ɗauki kwalba ɗaya, ta kara a kunne. Wallahi haka mahaifiyata take yi. Ba ta taɓa buɗe tukunya don ta ga ko giya ta nuna ba, kunne take karawa a jikin tukunyar. In ta ji tana tsiyaya tana ƙus-ƙus, sai ta ce ta fara magana. Giyar da ta yi shiru kuwa ta mutu, kaji ma ba a ba su. Inna ta daɗe tana saurare, sannan ta ajiye kwalbar.

"Ce masa bai zo biso ba, sai ya kawo mini wata gawar a kwalba."

Ni ma ina da zuciya, a gida muka gado ta. Na hau bayani, ina cewa yis yana nan a gindin kwalbar, barci yake yi, ina ta zuba Turanci kamar ina gaban ɗalibai. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce wa 'yarta, "Giya mai rai haihuwa take yi. In tana da rai, ta haihu mu gani." Ta kwance ƙullin tsiron da na kawo don in nuna mata, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza, ta yatsine fuska ta ce wannan bai taɓa ganin rana ba. Amma ta ce a niƙa.

Haka muka yini a kicin, tana kan kujera tana ba da umarni ta bakin 'yarta. Ce masa ya dama da ruwan sanyi. Ce masa ya bari ya kwanta. Ce masa ya tsiyaye ruwan sama ya ajiye, kada ya zubar, wa ya koya masa aiki? Na dafa na ƙasan har ya yi kauri kamar kunu, na mayar da ruwan saman, aka rufe aka bar shi ya kwana ya ɗauki tsami. A nan na gane abin da ya kashe mini bokiti biyu a Paris, don ni duka nake haɗawa in dafa, ruwan saman da ke narkar da gari in kashe shi da wuta. Shekara goma sha takwas ina wucewa ta gaban tukwanen mahaifiyata da littafi a hannu, ban taɓa tsayawa na duba ba. Da yamma 'yar Inna ta raka ni bakin lif tana ba ni haƙuri, ta ce Inna ba ta ce in kwana ba. Na kama ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da tasha, tagarsa tana kallon bangon wani gini.

Asabar da safe muka tace, muka tafasa har wajen azahar, gidan ya cika da ƙanshin da rabona da shi tun ina saurayi. Da ya huce na zaro ma'aunin zafi daga aljihu, Inna ta watso mini harara, ta tsoma ɗan yatsa ta ce ya yi. Na buɗe kwalabe biyar, na tsiyaye giyar a hankali cikin jug, na juye laka-lakan gindin a tukunya. Ta shida ta ce a bar ta a rufe. Sai ta aiki 'yarta ɗaki ta ɗauko wani tsohon zane mai ruwan bula, ta lulluɓe tukunyar da shi kusa da hita. Na san zanen, da shi mahaifiyata take zuwa kasuwa. Na fita baranda na tsaya har idona ya bushe.

Daga nan sai jira, kuma jiran nan ne ya nuna mini Lyon. Gari ne mai koguna biyu, ɗaya kore mai gudu, ɗaya ruwan ƙasa mai nawa, suna haɗuwa a ƙasan gari. Na bi gaɓar har mahaɗar, na tsaya ina kallon yadda suke tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Mutane bibbiyu suke wucewa, wasu da karnuka, wasu da kekuna. Na tsallaka tsohon gari mai ƙananan lunguna da duwatsu a ƙasa, na shiga wani gidan abinci. Da na ce ni kaɗai ne, sai aka ba ni tebur a bakin ƙofar bayi. Abincin da suke alfahari da shi kayan ciki ne, jama'a, tumbi da hanji a cikin tsiran alade, abin da mahaucin garinmu ke ba ka gyara, a nan Yuro ashirin da wani abu. Na ci, ba laifi, amma yaji ya yi musu nisa. Akwai kuma wata waina mai jan sukari, ja kamar an zuba mata janbaki, zaƙinta har cikin haƙori.

A unguwar Guillotière na nemi ƙwarya, don ba a zuba wa mamaci giya da kofin gilashi. Na samu a shagon wata mata 'yar Mali, an rataye ta a bango a matsayin ado, ta sayar mini a kuɗin da zai sayi ƙore goma a gida. Ina fitowa sai na ji Hausa a bayana. Wasu samari biyu ne, daga jin bakinsu mutanen Maraɗi ne, suna gardamar ƙwallo, rabi Hausa rabi Faransanci. Kunya ta hana ni yi musu sallama, don in sun tambayi abin da ya kawo ni, me zan ce? Sai kawai na bi bayansu har tsawon layi biyu ina saurare, kamar ɓarawo, har suka shiga wani shagon waya. Ranar ban yi magana da kowa ba in ban da masu karɓar kuɗi.

Lahadi na hau dutsen da babban coci yake a kai, da wani ɗan tarago da ake ja da igiya. Daga sama ana ganin garin duka, jajayen rufi har iyakar ido. Na shiga sujada, na zauna a baya. Da aka zo wurin ba juna salama, wata tsohuwa ta juyo ta kama hannuna da hannayenta biyu, sai na tuna rabon da wani ya riƙe hannuna haka har na manta. Na kunna wa mahaifiyata kyandir. Amma ko a cikin addu'a lissafin aikina nake yi, don na san abin da Inna ba ta sani ba. Yis ɗin da ya yi wata bakwai a cikin giya mai ƙarfi haka, yawancinsa ya galabaita. Yana iya farkawa a kwana biyu, yana iya kai huɗu, yana iya ƙin tashi sam. Mu kuwa ƙarfe biyu na ranar Litinin ake jiran Inna a asibiti.

Da la'asar na koma hawa na tara. Inna ta sa aka kama ta ta durƙusa, ta kara kunne a tukunya. Shiru. Ta miƙe da ƙyar ta ce wa 'yarta, "Kira su ki ce ba zan zo ba." Yarinyar ta fashe da kuka ta shige ɗaki, aka bar ni da Inna ba mai isar da saƙo. Na durƙusa. Na ce, "Inna, ba takarda ba ce kaɗai. Tsoro na ji. Na ji tsoron in rasa wurin nan, na kuma ji tsoron in gan ta a kwance. Na yi laifi, kuma kullum da shi nake kwana. Amma kada ki biya shi da ranki." Ba ta dube ni ba. Tana ta juya zaren a hannunta da ɗan yatsa. Na jira har ƙafafuna suka yi sanyi, sannan na tashi na tafi.

Litinin ƙarfe bakwai ina bakin ƙofarsu, ban ko karya ba. 'Yar Inna ta buɗe, ta ɗora yatsa a leɓe. Na leƙa kicin, sai ga Inna a ƙasa, ita da likita ya hana sunkuyawa, kunnenta manne da tukunya, idanunta a rufe. Ta ɗaga hannu ta yafito ni.

"Zo ka ji."

Ni ta ce wa, ba 'yarta ba. Na durƙusa kusa da ita na kara kunnena a kan zanen. Da farko bugun zuciyata kawai nake ji. Can sai na ji shi, ƙus-ƙus-ƙus, kamar yayyafi a kan kwanon wani gida can nesa. Ta ɗage gefen zanen, ga farin kumfa siriri ya zagaye bakin tukunyar. "Ta haihu," in ji Inna. "Jaririya ce, amma tana kuka."

Ƙasa ake zuba wa, ba siminti ba, don haka muka sauko hawa tara, ni da ƙwarya da kwalba ta shida, 'yar tana riƙe da Inna. Akwai wata bishiya a gefen wurin ajiye motoci, gindinta da 'yar ƙasa. Wata Baturiya mai yawo da kare ta tsaya tana kallonmu, ta ga ba wasa muke ba, ta ja karenta. Inna ta zuba ludayi ɗaya na sabuwar a ƙwarya, ta ce in buɗe kwalbar in ƙara, uwa da 'ya tare. Baƙar ta sauka a kan farar, kumfa ya taso. Ta karɓa da hannu biyu, ta tsiyaya a gindin bishiyar, ta kira sunan mahaifiyata, sunan da ni ba zan rubuta ba. Ta kira sau uku da ƙarfi, yadda take kiranta ta kan katanga a gida.

"Ga ɗanki ya zo. Ya makara, amma da dawarsa ya zo. Ki karɓa, ki sake mu."

Sannan ta miƙo mini hannun hagu. 'Yarta ta ba ni ɗan almakashin aikinta. Zaren ya yi tauri da gumi da sabulun shekara biyu, sai da na datsa sau biyu. Fatar da ke ƙarƙashinsa ta yi fari. Na tona ƙasar da ta jiƙe da yatsa na binne shi. Kuka kuwa na yi shi, a gaban motocin mutane, ban ji kunyar kowa ba.

Abin da ya rage a ƙwaryar, Inna ta tsoma harshe kawai saboda likita. Ta tauna bakinta, ni kuwa ina jira kamar ranar fitowar sakamakon jarrabawa. Ta ce, "Ƙarfi kam akwai, wannan ƙwarya ɗaya sai ta kayar da maƙeri. Amma ka yi ɓarnar mazarƙwaila, uwarka da ta ja maka kunne. Rage ta. Tsiron kuma ka jira watan da suke da rana, ka shanya a taga. Ka ƙara dawa, me kake jin tsoro?" Na fito da littafina a nan tsaye na rubuta. Shi ne karo na farko da bakin wani ya shiga littafin nan.

Ƙarfe biyu saura muna asibiti. Na kira wurin aiki na ce ba za su gan ni ba sai Alhamis, su yi abin da za su yi. Talata na yini a kan kujerar roba a baranda, ina shan kofin inji mai ɗanɗanon kwali, har likita ya fito ya ce an gama lafiya, tana barci. Na leƙa ta ta gilashi, hannun hagun duk robobi, ba zare. Laraba na kamo hanya. Kafin in fito 'yar ta ba ni wata kwalbar jam, irin na shafa wa burodi, da Inna ta sa aka cika da gindin sabuwar tukunyar tun ranar Litinin, ta ce in ji Inna, in riƙa ba wa kwalbar ruwan tsiro duk bayan kwana biyu, kada in bar ta da yunwa. A jirgi na sassauta murfin, na riƙe ta a cinya har Paris. Wanda ke kusa da ni ya yi ta shinshina iska yana dubana, na yi kamar ban gani ba.

Na iso Stains da magariba. Ɗakin yana nan yadda na bar shi, kofi ɗaya, kujera ɗaya, shiru. Na ajiye kwalbar kusa da hita na lulluɓe ta da tawul. In kun tambaye ni abin da tafiyar nan ta koya mini, ba wani abu mai tsawo ba ne. Na yi shekara biyu ina gyara giya don ta iya jira, ina auna komai da sikeli, alhali abin da ya kamata in yi tun farko shi ne in sayi tikitin awa biyu in je in durƙusa, ko za a kore ni. Na ɓuya a bayan girki kamar yadda na ɓuya a bayan takarda. Da zaren bai zo bakin almakashin likita ba, wataƙila da har yanzu ina kicin ina ɗanɗana ta takwas ni kaɗai.

Ranar Juma'a da yamma, na dawo daga aiki ke nan, wayata ta yi ƙara. Lambar Inna ce, wadda rabon da ta fito a wayata tun ranar biso. Muryarta ta dushe, da ƙyar take jan numfashi. Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Ka ciyar da ita?"

Na ce na ciyar.

"Ƙarya kake. Sa mini wayar a jikin kwalbar."

Na durƙusa, na ɗage tawul, na manna wayar a gilashin. Na riƙe ta a haka har hannuna ya gaji. Da na mayar kunnena, sai na ji tana dariya a hankali, irin ta mai ɗinki a ƙirji.

"Tana magana," ta ce. "To ka riƙa amsa mata. Jibi kuma ka kira ni in ji ta, kada in riga ka."